Gani Ya Kori Ji: Darasin Sauraron Ingilishi da Kalmomin Nishaɗi a Kance

Idan Bahaushe zai shaidi mutum da sanin wani harshe, yakan ce wane yana jin Larabci, ko wance tana jin Zabarmanci. Ba ya tambayar ko mutumin ya iya rubuta harshen, ko ya haddace dokokin nahawunsa. Kunne ne alƙali. Wannan ma'auni na gargajiya ya yi daidai da abin da masana koyon harshe suka daɗe suna nanatawa, cewa sauraro shi ne babbar ƙofar da harshe yake shigowa ta cikinta. Amma duk wanda ya leƙa darasin Ingilishi a kwalejojin karkara, irin na garin Kance da kewayensa a jihar Damagaram, zai tarar karin maganar nan ta "gani ya kori ji" ta tabbata ta fuskar da masu iya magana ba su nufa ba. Ɗalibi yana ganin Ingilishi a allo, yana kwafe shi a kaye, yana amsa tambayoyinsa a takarda, amma da wuya ya ji shi daga bakin wani in ba malaminsa ba. Bayan shekara huɗu, daga siziyam zuwa jarrabawar BEPC, sai a sami yaron da yake cike gurbin aikatau a jimla ba kuskure, amma in baƙo ya tambaye shi abin da yake yi a lokacin hutunsa, sai ya yi zuru.

Wannan maƙala tana da ra'ayin cewa babin wasanni da nishaɗi shi ne wuri mafi dacewa da za a fara gyara wannan matsala, da sharaɗi biyu. Na farko, a gina darasin sauraro a kan nishaɗin da ɗan Kance ya sani kafin a kai shi ga na wasu ƙasashe. Na biyu, a bar Hausa ta zama tsani zuwa Ingilishi, maimakon a tilasta wa yaro ya bi ta Faransanci kaɗai.

Batun ya ƙara nauyi a 'yan shekarun nan. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a Nijar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. A ƙasar da kalmar "Turanci" takan nufi Faransanci a bakin jama'a, wannan ba ƙaramin sauyi ba ne. Kance kuwa tana kan hanyar da ta taso daga Takeita, ta bi ta Matamaye zuwa Ɗan Barto, ta tsallaka iyaka a Kwangwalam ta nufi Daura. Gaskiya ne cewa ɗan kasuwar Kance ba ya bukatar Ingilishi kafin ya ci kasuwar Daura ko ta Mai'aduwa, domin Hausa ta wadatar da shi. Amma ƙanensa da yake neman gurbin karatu a Katsina ko Kano ko Zariya zai zauna a ɗakin lacca inda malami yake magana da Ingilishi na tsawon awa biyu ba tare da ya rubuta kome a allo ba. A ranar ne zai gane cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Asalin babin nishaɗi

Kusan kowane littafin koyon Ingilishi na masu farawa yana da babi a kan wasanni da abubuwan sha'awa. Hakan yana da tarihi. A shekarar 1975 Majalisar Turai ta wallafa aikin Jan van Ek mai suna "The Threshold Level", wanda ya jera fannonin rayuwa da ya kamata mai koyon harshe ya iya magana a kansu, irin su gida, tafiye-tafiye, cefane, lafiya, da lokacin hutu da nishaɗi. Wannan tsari ya yi tasiri sosai a kan littattafan da suka biyo baya. Hikimar da ke ciki a fili take: mutum ya fi sakin baki idan ana maganar abin da yake so. To amma an shirya jerin ne da mutumin Turai a zuciya, wanda rayuwarsa ta rabu gida biyu, lokacin aiki na albashi da lokacin hutu na ƙarshen mako.

Kalmar "hobby" kanta tana da labari mai ban sha'awa. Asalinta sunan wani ƙaramin doki ne, daga baya ta koma sunan dokin wasa na sanda da yara suke hawa, sannan ma'anarta ta faɗaɗa ta zama duk abin da mutum yake yi don jin daɗinsa. Faransanci ma ya bi irin wannan hanya da kalmar "dada", wadda take nufin doki a bakin yara, take kuma nufin abin da ran mutum ya fi kwanta wa. Babu ɗan Kance da bai hau dokin kara ba yana ƙarami. Malamin da ya fara darasinsa da dokin kara ya riga ya dasa kalmar a zuciyar ɗalibansa, ba tare da ya buɗe ƙamus ba.

Nijar ba baƙuwa ba ce ga tunanin kusanto da Ingilishi gida. Jerin littattafan "English for the Sahel" da aka daɗe ana aiki da su a kwalejojin ƙasar, sunansu kaɗai ya nuna wannan niyya. Sai dai littafi takarda ne, ba ya magana. Malamin da ya himmatu ya kawo wa ɗalibansa murya, yawanci intanet yake komawa ya sauko da abin da ya samu, kuma abin da yake samu shi ne hirar wasu matasa a Ingila ko Amurka suna maganar zamiya a kan ƙanƙara, da tara kan sarki, da hawan igiyar ruwan teku, da zuwa gidan motsa jiki. Ƙoƙarin malamin abin yabo ne. Matsalar tana ga kayan aikin.

Lambu a Matamaye ba abin wasa ba ne

Mai sauraro ba kunne kaɗai yake kawowa ba, yana zuwa da duk abin da ya sani game da duniya. A shekarar 1979 Steffensen da Joag-Dev da Anderson sun ba wasu Amurkawa da wasu Indiyawa wasiƙu biyu su karanta, ɗaya tana bayanin bikin aure a Amurka, ɗaya a Indiya. Kowane ɓangare ya fi saurin karanta wasiƙar da ta shafi al'adarsa, ya fi tuna abin da ke cikinta, ya kuma fi jirkita bayanin ɗayar. Idan haka ta faru ga manya masu karatu, waɗanda suke da damar komawa baya su sake duba layi, ina ga yaro mai sauraro, wanda maganar take wuce shi kamar iska?

Akwai kuma lissafin kalmomi. Paul Nation ya nuna a 2006 cewa mai sauraron Ingilishi yana bukatar dangin kalmomi 6,000 zuwa 7,000 kafin ya san kashi 98 cikin 100 na kalmomin maganar yau da kullum. Binciken van Zeeland da Schmitt na 2013 ya sassauta, inda ya nuna cewa sanin kashi 95 cikin 100 yakan wadatar wajen fahimtar labarin baka, abin da yake bukatar dangin kalmomi 2,000 zuwa 3,000. Ko a wannan sassaucin, kalma ɗaya ce tak cikin ashirin aka yarda ta zama baƙuwa. A ɗauka an kunna wa aji hira mai kalma ɗari, goma daga ciki sunayen wasannin da yaran ba su taɓa gani ba. An riga an faɗo ƙasa da ma'aunin tun kafin a ƙidaya sauran kalmomin da ba su sani ba. Yaro yana fama da nauyi biyu a lokaci guda: baƙon sauti da baƙon abu.

Abin da ya fi wannan wuyar ganewa shi ne kalmomin da suke kama da sanannu alhali ma'anarsu ta sha bamban. A littafin Ingilishi "gardening" abin sha'awa ne da dattijo yake yi a bayan gidansa bayan ya yi ritaya. A ƙasar Matamaye, wadda ta yi suna da rake da kayan lambu, aikin lambu sana'a ce da take ciyar da gida a lokacin rani. Kamun kifi da farauta da ɗinki duk haka suke. Kiwon tattabaru kuwa ya tsaya a tsakiya, domin saurayi yana yin sa don sha'awa, kuma yana sayar da 'yan shila in bukata ta taso. Haka ma "summer holiday", wadda take kawo wa Bature hoton bakin teku. Babban hutun makaranta a Nijar yana faɗowa ne a tsakiyar damina, lokacin noma da maimai, watau lokacin da ɗan manomi ya fi kowane lokaci rashin hutu. Sararinsa yana zuwa ne da kaka, bayan an kai amfanin gona rumbu. Wannan bambanci darasi ne na ilimin ma'ana da ya cancanci a tattauna shi a aji, kuma ɗalibin da ya gane shi ya fahimci kalmar fiye da wanda ya haddace fassararta.

Nishaɗin da ke ƙasa kuwa ba ya ƙidayuwa. Akwai kokawa, wadda gasarta ta ƙasa ta neman takobi ta faro a Tawa a 1975, kuma har yau idan ana yin ta, jama'a sukan dafe rediyo da talabijin. Akwai langa, da dambe, da dara mai gurbi talatin da 'ya'ya goma sha biyu-biyu. Akwai tashe a watan azumi, da hawan sallah, da wasan kara da birnin Damagaram ya shahara da shi. Akwai fada, inda samari suke zaman shayi da karta da muhawarar ƙwallon Turai. 'Yan mata suna da gaɗa, da kitso, da ƙunshi, da saƙa, da finafinan Kano, da littattafan Hausa da ake karantawa ko ake saurara a waya. Duk yaron da ke aji gwani ne a ɗaya daga cikin waɗannan. Idan muryar da ke fitowa daga na'ura tana bayanin yadda aka yi kaye a filin kokawa, yaron ya riga ya san labarin, abin da ya rage masa shi ne ya kama sautin.

Abin da kunnen Bahaushe yake ji

A nan ne ɗalibin kimiyyar harshe yake da abin cewa wanda ba kowa yake da shi ba. Wahalar sauraron Ingilishi ga mai jin Hausa ba a warwatse take ba, ana iya hasashenta daga tsarin sautin harsunan biyu.

Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Ba ta yarda da cunkoson baƙaƙe a farkon kalma ba, shi ya sa kalmomin aro suke samun wasalin da aka saƙala musu, kamar yadda ake gani a burodi da direba da fulawa. Ingilishi kuwa yana tara baƙi har uku a farkon gaɓa, ya kuma tara wasu a ƙarshenta. Kalmomin wasanni cike suke da irin wannan: "sports", "skates", "drums", "clubs". Kunnen da ya saba jiran wasali bayan kowane baƙi yakan yar da baƙin ƙarshe, alhali sau da yawa wannan baƙin ne yake ɗauke da alamar jam'i ko ta shuɗaɗɗen lokaci. Wanda bai ji bambancin "play" da "played" ba, bai san ko wasan an yi shi ko kullum ake yin sa ba.

Hausa tana da wasula biyar, kowane da gajere da dogo, sai tagwaye biyu. Ingilishin Ingila na daidaitacciyar murya yana da tilon wasula kimanin goma sha biyu da tagwaye takwas. Hausa ba ta bambanta "p" da "f" a matsayin ƙwayoyin sauti biyu, ba ta da "v", ba ta kuma da sautukan nan biyu da ake rubutawa da "th". Sannan Hausa harshe ne mai karin sauti, inda kowace gaɓa take fitowa da cikakken wasalinta, Ingilishi kuwa yana ƙarfafa wasu gaɓoɓi ya murƙushe sauran. A "photograph" ƙarfin yana kan gaɓar farko, a "photography" ya koma ta biyu, har wasulan suka sauya kama. Ga mai gani kalmomin biyu 'yan uwa ne na jini. Ga mai ji kamar ba su haɗa kome ba.

Babbar wahala ita ce gano iyakar kalma. Hausa da kanta shaida ce a kan haka. Kalmar lakwal ta samu ne domin kunnen magabata ya ji "l'école" a matsayin kalma guda, ya haɗe ta da harafin da ke gabanta, kamar yadda ya faru tun da daɗewa ga littafi da lahira daga Larabci. Wannan ba gazawa ba ce, haka kunnen ɗan Adam yake yi da baƙon harshe. Tambayar da take buɗe kowane darasin nishaɗi, "What do you do in your free time?", kalma takwas ce a allo. A bakin mai harshen kuwa kalmomi huɗun farko sukan narke su zama dunƙule ɗaya. Ɗalibin da ya san kowace kalma a rubuce yana iya kasa gane ko ɗaya a magana.

Sai dai Hausa ba cikas kaɗai take kawowa ba, tana da gudummawa da ake yin asararta. Faransanci ba ya furta "h", saboda haka yaron da ya shiga Ingilishi ta ƙofar Faransanci yakan haɗiye farkon "hobby" da "hunting", alhali yana furta hula da hanya tun yana goye. Haruffan "ch" a Faransanci suna ba da sautin "sh", don haka yakan karanta "chess" da shi, alhali sautin da ake nema shi ne na farkon ciki da caca. Wanda kuma yake bambanta gari na mutane da gari na tuwo da tsawon wasali, yana da mafarin jin bambancin "ship" da "sheep", ko da yake bambancin na Ingilishi ya haɗa da siffar wasalin, ba tsawonsa kaɗai ba. Malamin da ya hana Hausa shiga ajinsa ya rufe wa kansa rumbun da yake cike.

Kalma da abokan tafiyarta

Haddace jerin sunayen wasanni ba ya sa a ji magana, domin kalma ba ta zuwa ita kaɗai. Ingilishi yana cewa "play football", "go swimming", "do judo", kuma wanda ya san waɗannan a dunƙule yakan hango kalma ta biyu da zarar ya ji ta farko. Kwatanta wannan da Hausa yana buɗe ido. Aikatau ɗaya na "play" ya ɗauke ƙwallo da ganga da sarewa da karta, a inda Hausa take rarrabewa: ana buga ƙwallo, ana kaɗa ganga, ana busa sarewa, ana yin langa. Ɗalibin da aka nuna wa haka zai gane cewa kowane harshe da yadda yake yanka namansa, ya daina neman fassarar kalma da kalma.

Haka nan ginin jimlar nan da ake wahalar da yara da ita, ta sanya "-ing" bayan "like" da "enjoy". Faransanci yana amfani da aikatau tsantsa a wannan gurbi, shi ya sa bayanin yake yi wa yaro nisa. Hausa kuwa tana cewa ina son karatu, ina son kallon kokawa, ina jin daɗin sauraron rediyo, duk da sunan aikatau. Tsarin ya yi kusa da na Ingilishi ƙwarai. Minti biyu na bayani da Hausa sun isa su warware abin da ake shafe mako ana maimaitawa.

Abin da za a iya yi

John Field, a littafinsa na 2008 kan sauraro a ajin koyon harshe, ya yi ƙorafin cewa yawancin darussan sauraro gwaji ne kawai: a kunna murya, a yi tambayoyi, a ba da maki, a wuce, ba tare da an binciki dalilin da ya sa ɗalibi ya kuskure ba. Shawararsa ita ce a riƙa yin gajerun atisaye da suke fuskantar matsala ɗaya-ɗaya. Wannan ya dace da halin Kance, domin ba ya bukatar ɗakin na'urori.

Wutar lantarki ba abin dogaro ba ce a karkara, amma wayar hannu da ƙaramar sifika mai caji sun isa aji. Yadda waƙoƙi da wa'azi da finafinai suke yawo daga waya zuwa waya ta katin memori da Bluetooth da WhatsApp, haka darasi zai iya yawo. Abin da ya rage shi ne a sami masu shirya shi, kuma nan ne aikin ya faɗo kan ɗaliban jami'a. Ɗaliban harsuna da na Ingilishi a Jami'ar André Salifou ta Damagaram da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai suna iya ɗaukar gajerun hirarraki na minti ɗaya zuwa biyu: saurayi yana bayanin dokokin dara, yarinya tana faɗin ranar da take zuwa kitso da wadda take yi mata, abokai biyu suna gardamar wanda zai ɗauki takobi. Akwai abin koyi a shirin Ingilishi na musamman da Muryar Amurka ta fara a 1959, wanda ya taƙaita kansa ga kalmomi kimanin 1,500, aka kuma riƙa karanta shi a hankali fiye da maganar yau da kullum. Ana iya ɗaukar kowace hira sau biyu, ɗaya a hankali, ɗaya da saurin magana na ainihi.

A aji kuma, tsarin ya zama kunne kafin ido. A fara da 'yar tattaunawa kan batun, ko da Hausa ce. A saurara ba tare da rubutu ba. A ɗauki jimla ɗaya a yi shifta da ita, a tambayi yara kalma nawa suka ji, a rubuta amsoshinsu mabambanta a allo, a binciki inda kowa ya ɓata. Sai a ƙarshe a nuna rubutun, a sake saurara. Kuskuren da yaran suka yi shi kansa bayani ne mai daraja ga duk mai neman batun kundin digiri a fannin tsarin sauti.

Game da kalmomin da ba su da takwara a Ingilishi, babu dalilin ƙirƙira musu fassarar dole. Ingilishi ya karɓi judo da sumo daga Japan, ya karɓi yoga daga Indiya, kuma a watan Janairu na 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi 29 daga Ingilishin Nijeriya, ciki har da Kannywood. Langa ta zauna langa, dara ta zauna dara. Abin da za a koya wa ɗalibi shi ne yadda zai bayyana su: wasa ne da ake yi da ƙafa ɗaya, ana riƙe da ɗayar da hannu. Iya kewayawa a bayyana abin da ba a san sunansa ba yana daga cikin manyan makaman mai koyon harshe.

Ƙorafe-ƙorafen da za a iya yi

Wani zai ce amfanin koyon baƙon harshe shi ne ganin duniya, don haka tsare yaro a filin langa tauye shi ne. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma da nufin a tsaya a langa ne, da ta gama hujja. Abin da ake nema shi ne jerantawa. Stephen Krashen ya yi fice da ra'ayin cewa harshe yana shiga ne idan abin da ake ji ya ɗara matakin mai koyo kaɗan, ba da nisa ba. An soki ra'ayin ta fuskoki da dama, amma wannan gaɓar tasa kowane malami ya san gaskiyarta. Yaron da ya iya jin bayanin kokawar Nijar a siziyam zai iya jin na kokawar Senegal da sumo a aji na gaba, daga nan a kai shi ga wasannin da bai taɓa gani ba, a lokacin da kunnensa ya riga ya faɗa.

Wani kuma zai ce muryar ɗan Nijar ko ɗan Nijeriya ba ita ce Ingilishi na asali ba. Tun a 1985 Braj Kachru ya kasa masu Ingilishi zuwa da'ira uku, ya sanya Nijeriya a da'ira ta biyu, ta ƙasashen da harshen ya yi saiwa ya sami kamanninsa. Ingilishin da ɗan Kance zai fi cin karo da shi a rayuwarsa shi ne na malamin jami'a a Katsina, da likita ɗan Ghana, da injiniya ɗan Sin ko ɗan Indiya. Hikima ita ce a haɗa muryoyi: na gida, na maƙwabta, da na Ingila da Amurka, domin kunnen da ya saba da murya ɗaya tak ba ya da juriya.

Ƙorafi na uku daga iyaye zai fito, waɗanda za su ce sun tura yaro lakwal ne ya yi karatu, ba a koya masa wasa ba. Amsar ita ce wasan abin hawa ne, kayan da aka ɗora masa kuwa su ne lokutan aikatau, da ƙidaya, da ranakun mako, da kwatance, da faɗin dalili. Mai bayanin dokokin dara dole ya yi amfani da jimlar sharaɗi, mai ba da labarin kokawar jiya dole ya shiga shuɗaɗɗen lokaci.

Akwai abu na huɗu da ya kamata masu shirya darasin su kiyaye da kansu. Tambayar lokacin hutu tana ɗauka cewa kowa yana da shi. Yarinyar da take tashi daga aji ta wuce ɗiban ruwa da daka da talla tana iya rasa amsa, ba don ba ta ji tambayar ba. Darasi na gaskiya zai ba ta kalmomin da za ta faɗi hakan, ya kuma sa a ji murya irin tata a cikin hirarrakin. Haka nan a tuna cewa a ajin akwai 'ya'yan Fulani da na Buzaye da na Barebari, waɗanda suke da nasu wasannin, kuma sharo yana da gurbi a jerin kamar yadda dambe yake da shi.

Kammalawa

Aikin da ake magana a kansa yana da riba biyu. Ɗalibin da ya tafi Kance da wayarsa don ya shirya darasin Ingilishi a kan dara, dole ya zauna da dattawan da suke yin ta a gindin bishiya ya tambaye su sunan kowane motsi. Wanda ya tafi don gaɗa dole ya nemi matan da suka san ta tun kafin waya ta cinye dandali. Da haka za a tara kalmomin wasannin Hausa na wannan yanki, da karin harshensu, a daidai lokacin da aka ɗora wa Hausa nauyin zama harshen ƙasa, take kuma bukatar ƙamus na kowane fanni. Hira ashirin masu kyau, da jerin kalmominsu cikin Hausa da Ingilishi da Faransanci, ba su fi ƙarfin ɗaliban aji ɗaya a zangon karatu ɗaya ba. Kundin digiri da yawa suna ƙarewa a kan kanta, ƙura tana rufe su. Wanda aka gina a kan wannan aiki zai ƙare ne a cikin wayar wani malami a Kance, ana kunna shi ga yara da safiyar Litinin.